Ɓera da Zaren Haske a Ka: Yaya Ake Karanta Ƙwaƙwalwa, Yaya Ake Juya Ta?

Malam Habibu: Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman wanda zai warware mini wani abu da ya tsaya mini a rai tun ranar Talata. Wata ɗaliba a ajin da nake koyar da bayoloji a nan Gwale ta zo mini da bidiyon da aka turo wa mahaifiyarta ta waya. A cikinsa ana ganin ɓera a akwati, da wani siririn zare maƙale a tsakar kansa, yana ta shinshine-shinshinensa. Da zarar shuɗin haske ya bayyana a zaren sai ya kama zagaye yana bin hagu, idan hasken ya ɗauke kuma sai ya tsaya cak ya koma harkarsa. An ɗora wa bidiyon muryar wani mutum da ke cewa da Hausa haka Turawa za su riƙa juya mutane da hasken fuskar waya. Yarinyar a tsorace take, kuma rabin ajin sun gani. Na ce musu su ba ni mako guda, domin ban so in ƙaryata abin da ban bincika ba, ban kuma so in gaskata shi.

Dakta Safiya: Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Allah ya saka da alheri da ba ku yi gaggawar yanke hukunci ba. Bidiyon gaskiya ne, maganar da aka ɗora masa ce ƙarya. Fasahar ana kiranta optojenetiks, wato haɗa haske da ilimin ƙwayoyin gado, kuma asalinta yana cikin abin da kowane Bakano ya sani, wato koren ruwan kududdufi. A irin wannan ruwa akwai wata halitta mai ƙwaya ɗaya tak, dangin gansakuka, da masana ke kira Chlamydomonas. Tana iyo ta nufi inda haske yake domin da shi take haɗa abincinta. Masu bincike a Jamus, Peter Hegemann da Georg Nagel da Ernst Bamberg, suka bi diddigin yadda take gane haske, suka wallafa a 2002 da 2003 cewa a fatar jikinta akwai wani furotin da yake tamkar ƙofa. Idan shuɗin haske ya taɓa shi sai ƙofar ta buɗe, sinadaran gishiri masu ɗauke da cajin lantarki, irin su sodiyam, su kwarara ciki.

Abin da ya sa wannan ya zama babban al'amari shi ne, ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa ma da haka suke aika saƙo: sodiyam ya shiga, cajin ya tashi, saƙo ya wuce gaba. Saboda haka a Jami'ar Stanford ta Amurka, Karl Deisseroth da Edward Boyden da Feng Zhang suka sanya ƙwayar gadon wannan ƙofa a cikin ƙwayoyin jijiya da aka raina a faranti, suka haska musu shuɗin haske, ƙwayoyin suka amsa nan take, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. An wallafa wannan a 2005, kuma zuwa 2007 an kai shi ga ɓera mai rai yana yawo. A irin bidiyon da ɗalibarku ta kawo, sashen da ke kula da motsi a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ake haskawa, shi ya sa ɓeran ke karkata hagu.

Malam Habibu: Na gode, Dakta. To amma tambayar yaran tana nan: idan haske ya juya ɓera, me zai hana ya juya mutum?

Dakta Safiya: Domin ƙwaƙwalwar ɓera, kamar ta mutum, ba ta jin haske a yadda Allah ya halicce ta. Kafin a kai ga abin da kuka gani, sai an sa wa ɓeran maganin gusar da hankali, an huda ƙoƙon kansa, an tura wani bairos, wato ƙwayar cuta, da aka raunana, wanda aka ɗora wa ƙwayar gadon gansakukar, da allura mai siranta kamar gashi zuwa daidai wurin da ake so. Sannan a jira makonni kafin ƙwayoyin su ƙera ƙofar a jikinsu. Bayan haka kuma dole a dasa zaren gilashi ya kai hasken ciki, domin shuɗin haske warwatsewa yake yi a cikin naman ƙwaƙwalwa, ƙarfinsa ya ragu sosai kafin ya yi nisan milimita ɗaya. Ko da za ku haska wa ɓeran gidanku fitila mafi ƙarfi a Kano, ba abin da zai yi sai gudu. Gaskiyar da za ku iya faɗa wa yara game da waya ita ce, yawan haske da dare yana iya jinkirta barci, kuma wannan ta hanyar ido ne, kamar yadda hasken rana ke gaya wa jiki gari ya waye.

Injiniya Bashir: Dakta, ni aikina waya da sola ne, kuma zaren gilashin da kike magana ɗan'uwan wanda muke ja wa intanet ne. Abin da ban gane ba shi ne dalilin wannan doguwar hanya. Tunda ƙwaƙwalwa da lantarki take aiki, me ya sa ba za a sa siririyar waya a ba ta wuta kai tsaye ba, a huta da bairos da jiran makonni?

Dakta Safiya: Injiniya, an daɗe ana yin hakan. Wilder Penfield, likitan tiyata a Montreal ta Kanada, tun a shekarun 1930 yana taɓa ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya da 'yar wuta lokacin tiyata, yana rubuta wurin da ke motsa hannu da wanda ke motsa leɓe. Matsalar wuta ita ce ba ta zaɓe. A wuri ɗaya da bai kai ƙwayar gero ba akwai dubban ƙwayoyin jijiya iri-iri a cakuɗe, wasu aikinsu zugawa, wasu aikinsu hanawa, ga kuma jijiyoyi masu wucewa kawai zuwa wani wuri. Ka ɗauka ka tsaya a tsakiyar Kantin Kwari ka kwarara ihu: mai shago da ɗan dako da baƙon da ya zo daga Agadas duk za su waiwayo, ba za ka san wanda motsinsa ya haifar da abin da ya biyo baya ba. Amma idan ka yi kira da Fulatanci, waɗanda ke jin Fulatanci kaɗai za su amsa. Ƙwayar gadon nan ita ce ke koya wa iri ɗaya tak na ƙwayoyin jijiya harshen haske, sauran su zauna ba su san ana yi ba. Francis Crick, wanda ya samu kyautar Nobel kan siffar DNA, sinadarin da ƙwayoyin gado suke ciki, ya rubuta tun 1979 cewa abin da ilimin ƙwaƙwalwa ke buƙata shi ne hanyar taɓa iri ɗaya na ƙwayoyi a bar sauran, kuma an yi kusan shekara 25 kafin a same ta.

Akwai kuma abin da wuta ba ta iya yi da kyau, wato sa ƙwaya ta yi shiru. An samo wani furotin daga ƙananan halittun da ke rayuwa a tafkunan kanwa na Wadi Natrun a Masar, wanda idan rawayan haske ya taɓa shi yake tura sinadarin kilorayid cikin ƙwaya ya hana ta aika saƙo. Ke nan shuɗi ya kunna, rawaya ya kashe, a ɓera ɗaya.

Aminu: Ranki ya daɗe, ni ɗalibin likitanci ne a aji uku. Duk abin da kika faɗa ya shafi ba da umarni. Ta yaya ake sanin ƙwayoyin da ya kamata a kunna tun farko? Na ji ana cewa da haske ma ake karanta abin da ƙwaƙwalwa ke yi.

Dakta Safiya: Haka ne, Aminu, kuma wannan ɓangaren ne na fi sani domin na yi watanni ina koyonsa a wani ɗakin bincike a ƙasar waje. Shi ma daga ruwa ya fito. A 1962 Osamu Shimomura ya bayyana wani furotin mai fitar da koren haske daga wata halittar teku mai laushi mai kama da lema, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2008 tare da Martin Chalfie da Roger Tsien. A 2001 Junichi Nakai da abokan aikinsa a Japan suka haɗa wannan furotin da wani mai kama sinadarin kalsiyam, suka kira shi GCaMP. Duk lokacin da ƙwayar jijiya ta aika saƙo kalsiyam yana shiga cikinta, saboda haka idan tana ɗauke da GCaMP sai ta ƙara haske, idan ta yi shiru ta dusashe. Ana cire ɗan gutsuren ƙashin kai a sa gilashi kamar taga, a leƙa da na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da leza. A 2011 ma aka ƙera irin wannan na'ura mai nauyin kusan giram 2, wadda ɓera mai giram 25 zai ɗauka a ka ya yi yawonsa.

Ba zan manta ranar farko da na zauna gaban allon kwamfutar ba. Ɗakin duhu ne, ɓeran yana tafiya a kan wata ƙwallo mai juyawa, a allon kuma ɗaruruwan ɗigo-ɗigon kore suna kamawa suna ɗaukewa, kamar mutum ya hau Dutsen Dala da dare yana kallon fitilun unguwanni. Da ya lashi ruwa sai wani gungu ya haska tare, da ya tsaya sai su dushe wasu su karɓa. Na yi ta tasbihi a zuciyata. Rauninsa dai shi ne jinkiri: saƙon jijiya yana wucewa cikin kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, shi kuwa hasken kalsiyam yakan daɗe kafin ya sauka, don haka inuwar saƙon muke gani.

Amma ga abin da nake so kowa ya riƙe, domin shi ne dalilin da ya sa masana suka rungumi fasahar nan. Gani kaɗai ba ya nuna sanadi. Duk inda ka ga garke za ka ga balbela, amma ba ita ke kora shanun ba. Idan na ga wasu ƙwayoyi suna haskawa duk lokacin da ɓera ke cin abinci, ban sani ba ko su ke sa shi ci, ko cin ne ke tashe su. Sai na kunna su a ɓeran da ya ƙoshi na ga ya faɗa wa abinci, na kuma kashe su a mai jin yunwa na ga cinsa ya ragu, sannan zan iya cewa ga masu kora garken. An yi hakan kuwa: a 2011 ɗakin binciken Scott Sternson ya nuna cewa kunna wasu ƙwayoyi a can ƙasan ƙwaƙwalwa yana sa ƙosasshen ɓera ya hau ci cikin mintoci, a 2015 kuma ɗakin Charles Zuker a Jami'ar Columbia ya samo ƙwayoyin da ke sa ɓeran da ya sha ya ƙoshi ya koma kan ruwa, da wasu a kusa da su masu kashe ƙishirwa.

Aminu: To batun da aka ce an dasa wa ɓera tunanin abin da bai faru ba fa? Ni wannan na kasa haɗiye shi.

Dakta Safiya: Aikin ɗakin Susumu Tonegawa ne a jami'ar MIT ta Amurka, Xu Liu da Steve Ramirez suka jagoranta, a 2012 da 2013. Sun sa ɓera a akwati na farko inda ba abin da ya same shi, suka shirya yadda ƙwayoyin da suka yi aiki a sashen ajiye tunani a wannan lokacin kaɗai za su ƙera ƙofar haske. Washegari suka kai shi akwati na biyu mai siffa dabam, suka kunna waɗannan ƙwayoyin da haske, a daidai lokacin suka ba shi ɗan jan wuta a ƙafa. Da aka mayar da shi akwatin farko sai ya daskare wuri ɗaya, wanda shi ne yadda ɓera ke nuna tsoro, alhali a can ba a taɓa cutar da shi ba.

Aminu: Ranki ya daɗe, da girmamawa, abin da aka auna shi ne daskarewa. Ɓera bai buɗe baki ya ce ya tuna an ja shi da wuta a akwatin farko ba. Kiran wannan tunanin ƙarya ya zarce abin da aka gani. Sannan idan aka haska, duk ƙwayoyin suna tashi lokaci guda kamar an buga ganga, alhali ke da kanki kin ce a allon kin ga suna karɓa-karɓa ne.

Dakta Safiya: Ka yi gaskiya a duka biyun, kuma na ji daɗin da ɗalibi ya kama wannan. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne an ƙulla tsoro da wurin da bai cancance shi ba, ta hanyar wasu ƙwayoyi sanannu. Sun kai ɓerayen akwati na uku da ba su taɓa shiga ba, ba su daskare haka ba, wanda ya nuna tsoron na wancan wuri ne takamaimai. Abin da ɓeran ke ji a ransa kuwa gwajin bai auna shi ba, kuma a ganina jaridu sun yi wa labarin ƙarin gishiri. Game da buga ganga, masu binciken sun san da wannan aibi, shi ya sa yanzu ake haɗa karantawa da kunnawa a ɓera ɗaya, a sassaƙa hasken leza ya faɗa kan ƙwayoyi ɗaiɗaiku da aka zaɓa. A 2019 ɗakin Deisseroth da na Rafael Yuste kowanne ya nuna cewa idan aka kunna 'yan ƙwayoyin da aka ga suna amsa wani zane, ɓeran da aka horar yakan yi abin da ya saba yi idan ya ga zanen, alhali ba a nuna masa shi ba.

Malam Lawan: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma da na ji huda kai da jan wuta a ƙafa sai na ga shiru bai kamata ba. Na san ɓera yana cikin dabbobi biyar da hadisi ya halatta kashewa saboda ɓarnarsu. Sai dai halatta kisa dabam, azabtarwa dabam. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba, ya kuma ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har ya yi umarni da wasa wuƙa domin a hutar da abin yanka. 'Yata Dakta, ki faɗa mini tsakaninki da Allah, me waɗannan dabbobin ke sha a hannunku?

Dakta Safiya: Allah ya gafarta Malam, zan faɗa muku abin da idona ya gani ba tare da na rufe komai ba. Ana yin tiyatar ne ɓeran yana cikin maganin gusar da hankali, kuma kafin a sa wuƙa sai an matse yatsan ƙafarsa an ga bai janye ba. Ana kwantar da shi kan shimfiɗa mai ɗumi domin jikinsa ƙarami ne, sanyi na saurin kama shi. Ana shafa masa man ido saboda a wannan hali ba ya ƙiftawa, idon zai iya bushewa. Bayan ya farfaɗo ana ba shi maganin kashe zafi na kwanaki, a jiƙa masa abinci a ajiye a ƙasan keji don kada ya wahala wajen miƙa wuya, a riƙa auna nauyinsa kullum. Naman ƙwaƙwalwa shi kansa ba ya jin zafi, amma fatar kai tana ji, kuma tsoron da ake sa masa a gwaji irin na Tonegawa tsoro ne na gaske. A ƙarshe kuma ana kashe ɓeran, a yanka ƙwaƙwalwar siriri-siriri a tabbatar zaren ya sauka inda aka nufa. Akwai ƙa'idoji uku da Russell da Burch suka shimfiɗa a Ingila tun 1959: a maye gurbin dabba da wani abu idan zai yiwu, a rage yawanta, a kuma sauƙaƙa mata wahala. Ba a fara aiki sai kwamiti ya duba ya amince.

Malam Lawan: Na ji, kuma na yaba da ba ki ɓoye kisan ba. Inda zuciyata ta natsu shi ne idan ana neman maganin cutar da ke wahalar da bayin Allah kuma babu wata hanya, domin lalura tana da hukuncinta, kuma ana auna ta da gwargwadonta. Inda ban natsu ba shi ne a tsorata dabba don kawai a ga abin mamaki, ko don wani ya samu takardar shaida. Wannan kam ina ganin za a tambayi mai yin sa.

Dakta Safiya: Allah ya gafarta Malam, a na biyun ina tare da ku, kuma laifin ba na ƙasashen waje kaɗai ba ne. Na taɓa shiga wani ɗaki a ƙasar nan cikin zafin watan Afrilu na tarar da ɓerayen gwajin ɗalibai a cunkushe, kwalaben ruwansu a bushe, saboda masu su sun tafi hutun ƙarshen mako. Abin ya daɗe yana damuna. Dabbar da ta sha irin wannan wahala sakamakon da za ta bayar ma ba abin dogaro ba ne. Inda zan ɗan roƙi Malam sassauci shi ne, sau da yawa ba a sanin amfanin bincike tun farko. Waɗanda suka zauna nazarin yadda gansakuka ke bin haske ba maganin kowace cuta suke nema ba.

Maman Khalifa: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo da damuwata. Ɗana yana da shekara tara, yana fama da farfaɗiya tun yana shekara huɗu. Idan ta taso masa sai dai in riƙe kansa ina kallo har ta sake shi, kuma yaran unguwa sun daina cin abinci kwano ɗaya da shi. Da na karanta cewa rawayan haske yana sa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su yi shiru sai gabana ya faɗi. Dakta, don Allah, akwai inda ake yi wa mutane wannan? Ko nawa ne za mu nema.

Dakta Safiya: Wa alaikumus salam, Maman Khalifa. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan jinya. Tunaninki ya faɗa daidai inda masana suka faɗa. Farfaɗiya tana tasowa ne idan tarin ƙwayoyin jijiya suka tashi gaba ɗaya ba tsari, kuma a 2013 masu bincike a Jami'ar California da ke Irvine suka haɗa ɓeraye masu farfaɗiya da kwamfuta mai gane farkon tasowarta, ta kunna haske nan take, aka ga ciwon yana yankewa da wuri. Amma ba zan yaudare ki ba: ba a yi wa masu farfaɗiya wannan a matsayin magani a kowane asibiti, kuma duk wanda ya ce zai yi miki, kuɗinki yake so. Ƙwaƙwalwar ɓera ba ta kai rabin giram ba, ƙwayoyin jijiyarta kimanin miliyan 70 ne, ta mutum kuwa ta haura kilo ɗaya, da ƙwayoyi kimanin biliyan 86. Hasken da zai isa ɓera ɗigo ne a kan mutum. Sannan sanya wa ƙwaƙwalwar yaro ƙwayar gadon wata halitta abu ne da ba a iya janyewa, kuma sai an tabbatar garkuwar jiki ba za ta far wa ƙwayoyin ba ko bayan shekaru.

Inda aka fara gwadawa a mutum shi ne ido, tunda shi dama haske ke shigarsa. A 2021 José-Alain Sahel da Botond Roska suka ba da rahoton wani mutum ɗan shekara 58 a Faransa, wanda wata cutar gado mai farawa da dundumi ta makantar. Aka yi masa allurar ƙwayar gadon a ido ɗaya, aka ba shi tabarau na musamman mai mayar da abin da ke gabansa zuwa haske ruwan goro. Bayan watanni na horo ya iya gano abubuwan da aka ajiye a tebur, ya ƙirga su, ya taɓa su. Ganinsa bai dawo kamar na kowa ba, amma ya samu wani abu bayan duhu.

Abin da ke hannunmu yau ga Khalifa shi ne maganin asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rayuwa ba tare da tana taso musu ba idan an gano ta daidai aka kuma ba su maganin da ya dace. Kada a tsallake shan maganin ko a dakatar da shi don an ga sauƙi, idan kuma tana yawan tasowa a koma wa likita ya duba adadin, domin yaro yana girma nauyinsa na canzawa. Idan ta taso a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa cokali ko wani abu a baki. Ki kuma gaya wa iyayen yaran unguwa cewa ba a ɗaukarta ta yawu ko ta kwano.

Maman Khalifa: Na gode, Dakta, Allah ya biya ki. Rabon da a sake duba adadin maganinsa ya kai shekara biyu. Zan mayar da shi ranar Litinin in Allah ya yarda.

Injiniya Bashir: Allah ya ba shi lafiya. Dakta, tambaya biyu daga ɓangarena. Duk fitila tana fitar da zafi, to yaya ake sanin ba ɗumin hasken ne ke canza halin ɓeran ba? Sannan kayan nan, fitilar LED da zaren gilashi, ba su fi ƙarfinmu ba. Me zai hana a yi a Kano?

Dakta Safiya: Zafin matsala ce ta gaske, domin an nuna cewa haske mai tsawo yana ɗumama naman ƙwaƙwalwa har ya canza aikin ƙwayoyin da ba su da ƙofar. Saboda haka kowane gwaji mai kyau yana da rukuni na biyu na ɓeraye da aka yi wa tiyata iri ɗaya, aka haska musu haske iri ɗaya, amma ba a ba su ƙofar ba. Idan su ma suka canza, sakamakon ya rushe.

Game da Kano, fitilar ce mafi arha a ciki, kuma zanen ƙaramar na'urar da ake ɗora wa ɓera a ka ma Jami'ar California da ke Los Angeles ta sake shi kyauta ga duk mai son haɗawa. Abin da ke da wuya shi ne bairos ɗin, wanda ake ajiyewa a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili ba yankewa, da ɗakin dabbobi mai tsayayyen yanayi dare da rana. Nan ne aikinku na sola ya shigo. Ni a ganina ƙofar da ta fi kusa da mu ita ce ɗan ƙudan da ke taruwa kan ruɓaɓɓiyar ayaba. Da shi Gero Miesenböck ya fara nuna juya halin dabba da haske a 2005, shi ƙudan ba ya buƙatar tiyata domin jan haske yana ratsa jikinsa, kuma ana rainonsa a kwalba. Akwai masu aiki da wannan ƙuda a Ibadan, a Damaturu kuma akwai cibiyar bincike da horarwa a Jami'ar Jihar Yobe, wadda Dakta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa, inda ake horar da matasan masu bincike da na'urorin zamani. Daga Kano zuwa can tafiyar yini ce.

Malam Habibu: Dakta, na samu abin da zan faɗa wa ɗalibaina, amma na san halinsu, abin da suka gani da ido ya fi zama. Akwai abin da zan iya nuna musu a aji ba tare da na taɓa dabba ba?

Dakta Safiya: Akwai, Malam. Ku ɗebo ruwan kududdufi wanda shi kansa ruwan ya yi kore shar, ku bar gansakukar nan mai zare-zare da ke yawo a sama domin ita ba ta iyo. Ku sa safar hannu wajen ɗiba, kada kuma yaran su taɓa ruwan. Ku zuba a farar kwalba, ku naɗe ta da baƙar takarda, ku yanke 'yar taga kamar faɗin farce a gefe ɗaya, ku ajiye ta kusa da taga inda akwai haske amma rana ba ta dukanta kai tsaye. Bayan awa ɗaya ko biyu ku zare takardar a hankali ba tare da kun girgiza kwalbar ba. Idan ruwan yana da masu iyon, za ku ga koren ya taru ya yi duhu daidai inda tagar take. Idan bai taru ba ku gwada ruwan wani kududdufin, domin ba kowanne ke da su ba.

Malam Habibu: Akwai kududdufi biyu a hanyata ta zuwa makaranta, ɗaya ya yi kore sosai tun da ruwa ya ja baya. Zan ɗebo daga kowanne gobe da safe in gwada a gida tukuna, ranar Talata kuma in kai aji, in sa yarinyar da ta kawo bidiyon ta zare takardar da hannunta.